Amsa kan ihun da magoya bayan Montreal suka yi daren da aka zaɓi Slafkovsky

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka ga bidiyon da ƙungiyar Montreal Canadiens ta kira sunan wani yaro a taron zaɓen sabbin 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara, wasu magoya bayanta suka ɓarke da ihu, wasu suka dafe kai. Kana tambaya ko yaron ne bai iya ba, kuma ta yaya mutum zai gane zaɓi ya yi kyau ko bai yi ba.

Bidiyon na daren 7 ga Yuli, 2022 ne, a Bell Centre, gidan Montreal ɗin kanta. Kafin a zo kan ihun, sai an fahimci yadda ake samun 'yan wasa a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, don ya sha bamban da ƙwallon ƙafa. A NHL ba a zuwa da kuɗi a sayi yaro ɗan shekara 18 daga wata ƙungiya. Sau ɗaya a shekara ƙungiyoyi 32 ke zama, kowace ta kira suna ɗaya idan layi ya zo kanta, har zagaye bakwai, wato yara 224. Yaro yana shiga zaɓen ne idan zai cika 18 kafin 15 ga Satumba na shekarar. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara zaɓe, amma sai an jefa ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyi 16 da ba su kai wasannin neman kofi ba. Ta ƙarshe tana da kashi 18.5 cikin ɗari a ƙuri'ar, kuma babu wadda za ta haura sama da matsayi goma. Montreal ta ƙare a ƙarshe a kakar 2021-22, shekara guda kacal bayan ta buga wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, ƙuri'a kuma ta faɗo mata. Rabonta da zaɓen farko tun 1980. Ka ga ke nan magoya baya sun sha baƙin cikin kaka guda cur, wannan suna ɗaya shi ne ladan haƙurinsu.

Sunan da suka zo ji shi ne Shane Wright, ɗan Kanada, mai buga tsakiya a Kingston Frontenacs ta gasar matasa ta OHL. Tun yana ɗan shekara 15 aka ba shi izini na musamman ya shiga gasar kafin shekarunsa su kai, don haka kusan shekara uku ana ta jin cewa shi ne na ɗaya a tsararsa. A kakarsa ta ƙarshe ya tara maki 94 a wasa 63. Maki a hoki shi ne ƙwallon da ka ci haɗe da wadda ka taimaka aka ci. Sai manajan ƙungiya Kent Hughes ya hau dandamali ya kira Juraj Slafkovsky, ɗan Slovakiya mai buga gefe, wanda makinsa 10 ne a wasa 31 a ƙungiyar TPS ta Finland. Duk wanda ya ajiye 94 kusa da 10 dole ransa ya ɓaci.

Kuskuren yana cikin ajiye su kusa da juna. Wright yana karawa ne da yara 'yan shekara 16 zuwa 20, kuma shi ne tauraron ƙungiyarsa: ya fi kowa daɗewa a fili, shi ake sakawa duk lokacin da aka fitar da ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu. Slafkovsky kuwa yana ɗan shekara 17 yana gogayya da magidanta a babbar gasar Finland, inda koci ke tsoron kora idan ya sha kashi, ba ya kuma barin yaro ya daɗe a fili. Abin da shugabannin Montreal suka duba shi ne abin da ya yi da aka sake masa mara. A gasar Olamfik ta Beijin a Fabrairun 2022 ya ci ƙwallo 7, aka ba shi gwarzon gasar, Slovakiya ta ɗauki tagulla, lambarta ta farko a hoki a Olamfik. Ga jiki, tsawonsa ya haura santimita 190, nauyinsa wajen kilo 100. Gaskiya ne 'yan NHL ba su je wannan Olamfik ɗin ba, kuma wasa bakwai bai isa a yanke wa mutum hukunci ba. Masu suka suna da hujja a nan. Wata alama kuma da ihun ya rufe: New Jersey ta biyu ta tsallake Wright ta ɗauki Simon Nemec, Arizona ta uku ta ɗauki Logan Cooley, sai Seattle ta huɗu ta ɗauke shi. Ƙungiyoyi uku masu ma'aikatan da ke bin yaran nan gari-gari sun ga wani abu da jerin sunayen jaridu bai nuna ba.

To wannan shi ne abin da ihun daren zaɓe yake aunawa: tazarar da ke tsakanin jerin da jama'a suka karanta da jerin da ƙungiya ta ɓoye a aljihunta. Yawancin masu ihun ba su taɓa kallon yaron wasa guda daga farko har ƙarshe ba, iyakarsu gajerun bidiyon ƙwallayen da ya ci. Ita ƙungiya ta kalle shi sau da yawa ido da ido, ta yi hira da shi da kocinsa, ta auna ƙarfinsa da lafiyarsa a taron gwajin da ake yi a Buffalo kafin zaɓe. Akwai kuma batun gurbi. Montreal ta daɗe tana neman babban ɗan tsakiya, shi ya sa mutane suka ƙwallafa rai a kan Wright. A daren nan ƙungiyar ta bi ta wata hanya: ta ba New York Islanders mai tsaron baya Alexander Romanov ta karɓi zaɓi na 13, ta haɗa shi da wani ta miƙa wa Chicago ta karɓi ɗan tsakiya Kirby Dach.

Abin da ya biyo baya ya nuna inda ake yawan ɓata yaro. Montreal ta sa Slafkovsky a NHL kai tsaye, kuma a ganina ta yi gaggawa. Filin NHL ya fi na yawancin Turai ƙunci, faɗinsa wajen mita 26 ne, na ƙasa da ƙasa kuwa mita 30, don haka kafin ka ɗago kai an riga an haɗa ka da bango. Kakarsa ta farko wasa 39, ƙwallo 4, maki 10, yana samun wajen minti 12 a wasa, sannan rauni a gwiwa ya kwantar da shi tun watan Janairu. Masu ihu suka ce ai mun faɗa. A kaka ta biyu koci Martin St. Louis ya haɗa shi layi ɗaya, wato 'yan gaba uku da ke shiga fili tare, da Nick Suzuki da Cole Caufield, ya ƙare da ƙwallo 20 da maki 50 a wasa 82. A Yulin 2024 ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara 8 kan dala miliyan 7.6 a shekara.

Shi ma Wright bai tsira ba, amma nasa daga doka ne. A wancan lokacin, yarjejeniyar NHL da gasannin matasa na Kanada ta hana a kai yaron da aka zaɓo daga can ƙaramar gasar ƙwararru ta AHL kafin ya kai 20. Ko dai ya zauna a NHL ko ya koma cikin yara. Ga kuma dokar wasa tara: ɗan shekara 18 ko 19 da ya buga wasa na goma, shekarar farko ta kwantiraginsa mai shekara uku ta fara ƙirguwa. Sai Seattle ta yi ta ajiye shi a benci, wasa 8 kawai ya buga mata a kakar farko, daga baya ya koma OHL. Sai a 2024-25 ya samu cikakkiyar kaka, ya tara maki 44. Cooley ya tara 65 a wannan kakar, Slafkovsky 51. Mai tsaron baya Lane Hutson kuwa, wanda Montreal ta ɗauka na 62 a wannan zaɓen na 2022 saboda ƙungiyoyi sun raina ƙanƙantar jikinsa, shi ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa ta Calder a 2025 da maki 66. Ranar da aka kira sunansa hankalin kowa yana kan rigimar Wright.

Kada ka ɗauka kullum magoya baya ne ke kuskure. A 1980 Montreal ta ɗauki Doug Wickenheiser ta bar ɗan gida Denis Savard, Chicago ta ɗauke shi na uku, ya zama cikin manyan taurarin zamaninsa. Wannan tabon har yau bai warke ba a Quebec, lardin da Montreal take, kuma yana cikin abin da ke sa mutanen garin saurin hasala. A 2018 ta ɗauki Jesperi Kotkaniemi na uku saboda ɗan tsakiya ne, Ottawa ta ɗauki Brady Tkachuk na huɗu, shi ya zama kyaftin ɗinta, Kotkaniemi kuwa ya tafi Carolina a 2021. Sai dai da yawa daga masu ihun 2018 Filip Zadina suke so, wanda Detroit ta ɗauka na shida, kuma bai yi ƙarko a NHL ba. A 2005 an soki ɗaukar gola Carey Price na biyar tun da ƙungiyar tana da Jose Theodore. Price ya zama gwarzon gasar a 2015, kuma babu golan da ya kai shi yawan nasara a tarihin ƙungiyar.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na 2023. Montreal ta ɗauki mai tsaron baya ɗan Ostiriya David Reinbacher na biyar, ta bar ɗan Rasha Matvei Michkov, wanda ke da kwantiragi da SKA ta St. Petersburg har 2026, ana tsoron ba zai zo da wuri ba. Wasu suka bi yaron shafukansa na sada zumunta da zagi, ɗan shekara 18 da bai zaɓi kansa ba. Michkov ya samu fitowa tun 2024, ya ci wa Philadelphia ƙwallo 26 a kakarsa ta farko, Reinbacher kuma ya ji rauni a gwiwa a wasan share fage a Satumban 2024 aka yi masa tiyata. Mai son ya soki Hughes yana da abin faɗa a nan. Zagin yaron kuwa zalunci ne.

Idan kana son ka auna zaɓi da kanka, fara da gasar da yaron ya fito da shekarun waɗanda yake karawa da su, kafin ka kalli maki. Duba watan haihuwarsa: wanda aka haifa ƙarshen Satumba ya girmi wanda aka haifa Agusta na shekarar gaba da kusan wata goma sha ɗaya, alhali zaɓe ɗaya suke shiga, kuma a wannan shekarun wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne. Raba makin da ya ci ana biyar da biyar da wanda ya ci lokacin da abokan hamayya suka rage mutum ɗaya, don na farkon ne ke bin yaro zuwa NHL. Nemi minti nawa koci ke ba shi: ɗan gaba na layin farko yana samun 18 zuwa 20, na layi na huɗu wajen 10, ba kuma za ka nemi maki ɗaya daga su biyun ba. Kalli wasa guda cikakke ka bi shi da ido lokacin da faifan, wato abin da ake bugawa a hoki a madadin ƙwallo, ba ya wurinsa, ka ga ko yana komowa tsaro, ko yana waiwaye kafin a miƙo masa, da yadda takunsa uku na farko suke idan ya tashi gudu. Rashin wannan saurin tashin shi ke kayar da yawancin yaran da suka yi fice a gasar matasa.

Sannan ka ba kowane gurbi lokacinsa. Ɗan gaba ana fara ganin inda ya dosa a shekara ta uku ko ta huɗu bayan zaɓe. Mai tsaron baya yakan kai 23 ko 24 kafin ya zauna daidai, shi ya sa Montreal ta ajiye Reinbacher a Laval Rocket, ƙaramar ƙungiyarta ta AHL. Gola ya fi kowa jinkiri: Henrik Lundqvist an zaɓe shi na 205 a shekarar 2000, bai fara tsare wa New York Rangers gida ba sai 2005.