Hukuncin Sauraron Labarin Soyayyar Ɗan Ƙwallo A Waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Maigidana yana Legas neman kuɗi, sai da salla yake zuwa. Ina ɗinkin hula, to ƙanena kan turo min littattafan soyayya na murya a katin waya duk ranar kasuwa. Wanda nake ji yanzu na wani ɗan ƙwallo ne da aka saye shi zuwa Turai, da yarinyar da ya bari a gida. Babu kiɗa a ciki, kuma in an zo wasu wurare nakan sa iyafis saboda yara. Malamar Islamiyyarmu ta ce duk ƙagaggen labari ƙarya ne, haramun ne. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Maganar malamarku akwai malaman da suka tafi a kanta, suna kafa hujja da hadisin Abu Dawud da Tirmizi mai cewa azaba ta tabbata ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Amma ban ga ƙarfinta ba. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da bai faru ba kana son ya ɗauka ya faru. Ke kuwa tun kafin ki kunna kin san babu wannan ɗan ƙwallo a duniya, mai karantawa ma ya san kin sani. Wa aka yaudara? Hariri, marubucin Larabci wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya ƙagi wani mutum mai suna Abu Zaid As-Saruji ya gina maƙamomi, wato gajerun labarai, 50 a kansa, kuma har gobe ana karanta littafin nasa Maƙama a zaurukan malaman Kano, manyan almajirai ne ma ke kaiwa gare ta. Da ƙagawa kanta ce haramun, da waɗannan dattawa sun riga kowa gujewa. Hukunci yana bin abin da labarin ya ƙunsa da abin da yake haifarwa a zuciya. Ƙwallon kanta, a matsayin sana'a, ba ita ce damuwata ba muddin babu caca.

Inda na tsaya shi ne iyafis ɗin nan, 'yar'uwa. Da bakinki kika ce akwai wuraren da ba ki yarda 'ya'yanki su ji ba. Annabi (SAW) ya gaya wa Nawwas bin Sam'an cewa zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji, ka ƙi mutane su tsinkaye shi. In waɗannan wurare siffanta jiki ne da keɓewar saurayi da budurwa, sauraronsu haramun ne, ko da kiɗa ko babu. Murya ma ta fi takarda kama zuciya, don mai karantawa yana sassauta ta yana ja, ke kuma hannu na kan allura, hankali na can. Wanda za ki iya sakewa a tsakar gida uwar mijinki tana zaune, wannan halal ne, in bai cinye miki salla a kan lokaci ba.

Sai abin da ba ki tambaya ba. Mace mai miji a nesa, kullum ana zuba mata a kunne labarin saurayi mai mota da gida a Ingila, sannu a hankali za ta fara auna nata mijin da shi, alhali shi wancan marubuciya ce ta ƙera shi, ba ya gajiya, ba ya rasa kuɗin cefane. Na sha zaman sulhun auren da daga irin wannan aune-aune ya fara tsami. Ki lura da zuciyarki in maigida ya kira waya: murna kike yi ko jin ya katse miki labari?

Shi ma ki isar masa da saƙona cikin ladabi. An ruwaito Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon da mace ke iya haƙurin rashin mijinta, ta ce wata huɗu ko shida, sai ya hana a riƙe mayaƙa fiye da haka. Daga salla sai salla ya yi yawa. Ƙanenki kuma ya riƙa sauraron abin da yake ɗorawa kafin ya kawo, don ba ke kaɗai yake tura wa ba.

Wallahu A'alam.