Wane jirgin ƙarƙashin teku ne ya fara isa ƙurewar arewacin duniya?

Ɗan'uwa, jirgin da kake tambaya shi ne Nautilus na Amurka, wanda ya fara tafiya da makamashin nukiliya a 1955. Injinsa ba ya buƙatar iska, shi ya sa yake iya daɗewa a ƙarƙashin ƙanƙara. A Yunin 1958 ƙanƙara mai kauri ta tare masa hanya ya juya, sai ranar 3 ga Agusta ya ratsa wurin, ɗauke da mutum 116. Wallahi ba ƙaramar jarumta ba ce.

Inda mutane ke kuskure: bai leƙo sama a can ba. Wani jirgin ƙarƙashin teku na Amurka mai suna Skate ne ya fasa ƙanƙarar ya fito a Maris 1959. Batun injin kuwa, tuntuɓi masana a gidan tarihin Nautilus da ke garin Groton a Amurka.