Tambaya da Amsa: In Buɗe Injin Jirgina Ko In Kai Wa Masu Garanti?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba mai amsa tambayoyi, ina gaisuwa, ya iyali ya zafi. Ni masunci ne a tabkin Madarunfa, su gadon gidanmu ne tun kakanni, to bayan damina sai na yi ƙarfin hali na saida raguna biyu da ɗan maraƙi na haɗa da kuɗin adashi na tahi Yamai na sayo inji Yamaha mai doki 15 sabo dal a kwali na ɗaura ma kwale-kwalena, don in riƙa ɗaukar kaya da baƙin da ke zuwa ziyarar waliyyai. Sun ba ni takarda sun ce garanti ce. Wata huɗu ke nan yana aiki lafiya lau, sai shekaranjiya ina tsakiyar ruwa na lura ruwan nan da yake tsartuwa ta bayansa, wanda muke ce ma fitsari, ya koma ɗiga-ɗiga, can kuma ya tsaya cak, na ɗora hannu na ji zafi sai na kashe na tuƙo da gora har baki. Na kira inda na saya sun ce in kawo shi Yamai. Makanikinmu na babur kuma ya ce in kawo masa ya buɗe, wai inji duk inji ne, kahin la'asar ya gama. Baba ni duk ranar da jirgin nan ya kwana bai shiga ruwa ba asara ce. In ba shi ya buɗe ko in ɗauki hanya?

Daga wani masunci, Madarunfa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, zafi lokacinsa ne, Allah shi sa albarka cikin sana'a. Da farko dai sannu da dabara, kashe injin nan da ka yi shi ne babban gyaran da aka yi masa ya zuwa yanzu. Da ka ce bari in lallaɓa in kai baki da shi, da yanzu zancen fistan da ya cije muke, ba zancen fitsari ba.

Kar ka ba makanikin babur ya buɗe tukuna, kar kuma ka yanki tikitin Yamai tukuna. Je ka samo siririyar waya ko zaren nailan mai kauri irin na ƙugiya, ka zura cikin ƴar ƙofar da ruwan ke fitowa ka ɗan motsa. Wallahi sau da yawa ba komi ba ne sai yashi, ko zanzaro ya sami rami ya yaɓe shi da laka ya yi ɗakinsa. Sannan ka leƙa can ƙasa ga ƙafar injin, sama kaɗan da farfela akwai ƴan ramuka gefe da gefe inda yake shan ruwa, nan ne leda da ciyawa da taɓo ke liƙewa. Ka wanke su. Ka cika tano da ruwa ka tsoma ƙafar har ruwan ya rufe ramukan nan sosai, ka tada shi. In fitsarin ya dawo da ƙarfi, shi ke nan, ka tsira da kuɗinka kuma babu abin da ya taɓa garantinka. Amma don Allah kar ka kuskura ka tada shi a tudu babu ruwa wai don ka ji ƙararsa, ƴan daƙiƙoƙi sun isa su ƙone abin da zan yi maka bayani yanzu.

In ka yi duk wannan ruwan bai fito ba, to kusan na san ciwon. Cikin ƙafar nan akwai famfon ruwa, cikinsa akwai wata ƴar roba mai fukafukai da ke juyawa tana tura ruwa sama ya sanyaya kan injin. Injin babur iska ke sanyaya shi, wannan ruwa ne, nan suka raba hanya, shi ya sa maganar inji duk inji ne ba ta zauna min ba. Ruwan Madarunfa kuwa kai ka fi ni sani, da rani ya tsananta sai ya ja baya, baki ya zama taɓo, kana shigowa ƙafar inji na sharar ƙasa tana zuƙar yashi, yashin nan shi ke cin robar kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

To ga inda maganar garanti ta shigo, kuma nan mutanenmu ke ruɗewa. Wasu sun ɗauka garanti na nufin ko me ya sami inji kamfani zai biya. Wasu kuma sun ɗauka haramun ne su taɓa ko da buji. Duka biyun kuskure ne. Abin da garanti ke ɗauka shi ne aibin da ya taho da inji daga masana'anta, wani ƙarfe da aka zuba ba daidai ba, wani abu da aka ɗaure ba yadda ya kamata ba. Abubuwan da ke cinyewa da aiki, irin su buji, da farfelar da ka buga ma kututture, da igiyar ja, da ita wannan roba, galibi ba su ciki. Ka ga ke nan in robar ce kawai ta cinye, sai ka ɗauki inji ka yi tahiyar kilomita sama da 600, yini guda cur cikin mota, ka biya kuɗin kaya, ka kwana, ka ci abinci, a ƙarshe a miƙo maka faktir a ce biya kuɗin roba da na aiki. Kuɗin hanya kaɗai na iya fin kuɗin robar.

Saboda haka ga abin da zan yi in ni ne. In ɗauki bidiyo da salula, injin cikin tano yana aiki na ɗan lokaci kaɗan ruwa bai fita, in ɗauki hoton lambar injin da ke jikin ɗan ƙarfen da aka liƙa wajen maɗaurinsa, in tura masu ta WhatsApp. Sai in tambaye su a rubuce, ba a baki ba: in na sa aka canza robar famfo a nan Maraɗi da piyes ɗinku na asali, garantina na nan ko ta tashi? Su aiko da robar ta motar fasinja in biya. Amsar da suka ba ka kar ka goge ta. Kiran waya iska ne, gobe wanda ka yi magana da shi ya ce bai tuna ba, ko ma a ce ya bar aiki.

In sun yarda, aikin ba gagara ba ne, makanikinka zai iya in ya kwantar da hankali ya yarda cewa yau koyo zai yi. Ana kwance ƙafar ne a sauke ta, a tuna a saki ƙarfen giya kahin a ja. Ana ɗaga murfin famfon sai a ga robar. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe kamar rabin wata da ke riƙe ta da sanda, shi ne ke faɗawa cikin yashi a yini ana nema, ku shimfiɗa buhu ko tabarma kahin ku fara. Kuma ku ƙirga fukafukan tsohuwar robar, in wani ya guntule ku nemo guntun, don in ya haye sama ya toshe hanyar ruwa, ko sabuwa kuka sa zafin bai dainawa. Wajen maida murfi a riƙa juya sandar ta hannun agogo ana dannawa a hankali har fukafukan su kwanta.

Inda na ja layi shi ne kan injin. Kulas, wato murfin kan injin, da fistan, duk abin da ke cikin tukunyar nan, muddin garanti na da rai kar wanda ya sa masa kile. Na taɓa ganin wani bawan Allah, injinsa sabo yana wata ƙara tun satin farko, aibi ne na masana'anta ƙarara, da ya kai shi yadda yake da sun gyara masa kyauta. Sai wani mai gyaran janareto ya ce bari dai mu leƙa. Suka buɗe kulas, juwan, wato ƴar shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin injin mai hana yoyo, ya yage, babu sabo, suka shafa gam suka maida. Da aka je wurin dillalin, mutumin bai ma tada injin ba, fitilar salula kawai ya haska kan notocin, fentin kamfani duk ya ɓare inda kile ya kama, ga gam ya tsattsafo ta gefe kamar kunu. Ya ce an buɗe. Magana ta ƙare nan. Mai injin ya rantse ya maya, ni kuwa ina tsaye na rasa ta cewa don gaskiyar dillalin ce. Don haka in an sa sabuwar roba ka ji injin ya rage ƙarfi, ko yana wuyar tashi, ko igiyar ta yi sakwaf ba ta da nauyin da ka saba ji, zafin nan ya taɓa ciki ke nan, wannan kam ɗauki hanyar Yamai, kwana biyun da za ka rasa ba su kai kuɗin inji ba.

Wani abu kuma, ɗauko takardar nan ka kai ma ɗan lakwal ya karanta maka tun daga sama har ƙasa, har ƙananan rubutun. A duba ko akwai lambar injinka a kai, da ranar saye, da hatimin shagon. A duba wata nawa aka rubuta, don sau da yawa wa'adin wanda ke neman kuɗi da inji ya fi gajarta bisa na mai yawon shan iska, kai kuwa haya kake yi. A duba kuma ko sun shar'anta a kawo masu shi dubawar farko bayan ƴan awoyin aiki. Ba ka ambaci ka taɓa kai shi ba cikin wata huɗun nan, kuma wannan ya ɗan tsaya min a rai, don da irinsa ake kama mutum.

Sauran hidima ta kullum kuwa taka ce, ba ta dillali ba, ba ta makaniki ba. Injin nan na gauraye ne, isansi da man inji tare, kuma awon da aka fi sani shi ne 50 da 1, wato tanki mai lita 25 rabin lita na mai, sai a awoyi 10 na farko da ake ninka man. Ka dai bi abin da littafinka ya ce. Ka nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikin gorarsa, shi aka yi don injin ruwa, ban da baƙin man mota, ban da awon ido. Isansin ruwa-ruwa na bakin hanya ban ce kar ka saya ba, na san halin da ake ciki, amma ka tace shi da kyalle mai tsabta kuma ka bar na gindin kwalba, can ruwa da datti ke kwanciya. Karbirata da ta toshe saboda mugun mai babu garantin da zai ɗauke ta. Ka riƙa ajiye faktir ɗin mai da na buji cikin leda guda da takardar garantin, ka sami ɗan littafi kana rubuta ranar da ka yi kowane abu.

TAMBAYA

Baba barka da aiki. Ni ƙanena na saya ma injin jirgi a Kano wajen wani ɗan kasuwa, muka shigo da shi ta Ɗan Isa, ya ce akwai garantin shekara amma bai ba mu takarda ba sai rasit na hannu. Yanzu man giyarsa ya koma fari-fari. Mu maida masa?

Daga wata ƴar kasuwa, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA

Hajiya barka kadai, Allah shi saka da zumunci. Gaskiya ɗaya ce, garantin baki sunansa alkawari, in mutumin kirki ne ya cika, in ba haka ba babu inda za ki kai shi. Ko da takardar ma, galibi a ƙasar da aka sayi inji take aiki, ta wancan gefen iyaka ba lallai ta yi amfani a nan ba. Ki kira shi dai ki ji ta bakinsa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, amma kar jirgin ya zauna jiransa.

Man giya in ya koma kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga. Ƙanenki ya cire farfela ya duba bayanta, mafi yawan lokuta zaren koma ne ko na ƙugiya ya naɗe a sandar ya yanke robar da ke tare ruwa. A canza robar, a sa sabbin ƴan zobban da ke ƙarƙashin notocin zuba mai, a tsiyaye tsohon man tas. Sabon kuma mai lamba 90 ne, ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a toshe na saman tukuna sannan a zare gorar a yi maza a toshe na ƙasan. Bayan sati guda yana aiki ya ɗan sassauta noton ƙasa ya ɗiga kaɗan a farin faranti ya ga launinsa, in ya sake yin fari to akwai wata robar can sama ƙarƙashin famfon ruwa, ita ma sai an taɓa ta.