Jimina ta faɗi ta mutu ba ciwo: amsoshi kan zuciyarta da jijiyoyinta

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan jimina ne, sai guda ɗaya da ta taɓo emu, 'yar uwarta ta ƙasar Ostireliya. Da na jera su sai na ga duk zancen zuciya da jini ne. Yawancin masu wannan kiwo daga kaji suka faro, suka taho da idon kaji da hannun kaji, ga shi kuwa tsuntsun da namijinsa ke haura kilo 100, yake gudun kilomita 70 a awa, ginin jikinsa dabam ne.

Tambaya: Namijin jimina ɗan wata goma, wanda ya fi kowa girma a garkena, ya ci abincinsa da safe lafiya lau. Muna kora su zuwa wani shinge sai ya yi taga-taga ya faɗi, kafin mu isa ya mutu. Da muka farke shi mun tarar da jini cike da cikinsa. Guba aka ba shi?

Allah ya mayar da alheri, Malam. Kafin ka zargi kowa, bari mu bi hanyar jinin tukuna.

Zuciyar jimina ɗaki huɗu gare ta kamar ta mutum, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma ta fi ta mutum girma. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu, tafiyar kusa ce, shi ya sa bangonsa siriri ne. Ɗakin ƙasa na hagu shi ke da jan aiki: sai ya kai jini har kan da ke can saman dogon wuya, ya kai shi kuma har yatsu biyun ƙafa. Bangonsa ya ninka na dama kauri. Daga nan uwar jijiyoyi take fitowa, wadda likitoci ke kira awota. A jikin saniya ko akuya hagu take lanƙwasawa, a jikin tsuntsu kuwa dama take yi, sannan ta bi ƙarƙashin ƙashin baya har ta wuce tsakanin ƙoda biyu. Duk bugun zuciya sai ta buɗe ta koma kamar roba.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da fashewar wannan jijiya. An daɗe da sanin matsalar a talo-talo, an kuma same ta a jimina, kuma ta fi ɗaukar irin naka: namiji, matashi, mai saurin girma, wanda mai shi ke alfahari da shi. Bangon jijiyar da wasu zaruruwa masu talewa aka saƙa shi, kuma jiki ba ya iya ɗaure zaruruwan nan da juna sai da sinadarin jan ƙarfe, wanda masu haɗa abinci ke ce wa kofa. In kofa ya yi ƙaranci, jijiyar tana girma amma saƙarta sako-sako ce. Tsuntsu na ci yana sha, ba ka ganin komai, sai ranar da aka firgita shi jini ya hau, wurin da ya fi rauni ya yage. Jinin tsuntsaye dama ya fi na dabbobi masu shayarwa ƙarfin bugu.

In haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, kada a yi gaggawar kwashe kayan ciki. A kwantar da gawar rigingine, a yanka gefe da gefen ƙashin ƙirji a ɗaga shi. Za ka ga shi a baje kamar faifai, babu wannan tsinin na tsakiya da kaza ke da shi. Zuciyar tana nan daidai ƙarƙashinsa cikin jakarta ta tantani, tsininta ya shige tsakanin ɓarin hanta biyu, don tsuntsu ba shi da labulen tsokar nan da ya raba ƙirji da ciki a jikin dabba. Wadda na taɓa buɗewa, gudajin jinin sun yi baƙi-baƙi suna sheƙi har yaron da ke riƙe mini fitila ya ɗauka hanta ce ta farfashe. Muka kwashe su da hannu a hankali, na bi jijiyar da yatsa daga gindin zuciya, sai yatsan ya faɗa cikin wata tsaga da ba ta kai tsawon gaɓarsa ba. Naman cinyar ya yi fari fat, haka ma cikin bakin.

In ka bi jijiyar kaf ba ka ga tsaga ba, duba hantar, domin tsuntsun da ya daki turken shinge da gudu hantarsa na iya tsagewa. Zancen guba yana da wuri ɗaya: irin maganin ɓeran nan mai hana jini daskarewa. Amma shi jininsa tsararo ne, ba ya yin guda sosai, kuma za ka ga tabon jini a wurare da yawa, ƙarƙashin fata da cikin tsoka.

Ka yanki hantar ka sa a ƙanƙara ka kai wa likitan dabbobi tare da samfurin abincin, don a hanta jiki ke ajiye kofa. Ka kuma duba ko ana cika sinadarin zinki a haɗin, saboda yawansa yana hana hanji tsotse kofa ko da akwai shi a buhun. Abin da ba na so shi ne ka karanta wannan ka je ka sayo shuɗin garin kofa ka riƙa barbaɗawa a ruwan sha da ka. Kaɗan jiki ke so, yawansa guba ne. A gyara shi a haɗin abinci bisa awo. Sauran samarin kuma a rage musu abincin ƙiba, a ba su fili mai tsawo su riƙa zazzagawa da kansu, a daina korarsu da ihu.

Tambaya: Za a gwada jinin jiminuna. Wanda ya zo ɗiba ya yi ta laluben wuya bai samu ba, har wurin ya kumbura. Ina jijiyar take? Kuma emu ma haka ne?

Ina kyautata zaton hagu ya laluba. Jannayen tsuntsu, wato jijiyoyin wuya masu dawo da jini daga kai, biyu ne, amma ba girmansu ɗaya ba: na dama shi ne babba, na hagu ƙarami ne ƙwarai. A can gindin kai akwai wata gajeriyar jijiya da ta haɗa su, ta yadda in tsuntsu ya murɗa wuya ɗaya ya matse, jinin sai ya tsallaka ya bi ɗayan. Don haka a tsaya ta dama, a danna gindin wuya da tafin hannu, za a ga jijiyar ta taso ƙarƙashin fata. Tana da zillewa, fatar wurin kuma sakwaf take, shi ya sa jini ke saurin taruwa ya yi ƙululu. Bayan an zare allura a danne da auduga na 'yan mintoci, kada a saki da wuri. Jijiyoyin da ke kai jini sama zuwa kai suna can ciki, kwance a wani kwari a gaban ƙasusuwan wuya, allurar da aka soka daidai ba ta isa gare su.

Akwai wasu wurare biyu: jijiyar ƙarƙashin fiffike, da wadda ke bin cikin ƙwauri. Ta fiffike tana da sauƙi a jimina don fiffikenta babba ne kuma ƙarƙashinsa ba gashi. Ta ƙwauri ta fi dacewa da ƙanana. A babba kuwa, ka tuna gaba jimina ke harbi, kuma farcen babban yatsanta yana farke mutum. Emu fiffikenta ɗan guntu ne, ba abin kamawa a ciki, sai wuya ta dama ko ƙafa.

Tunda zancen wuya ya zo: wannan jijiyar da ke kwance dab da fata ita ce dalilin da ya sa waya mai ƙaya ba ta da wuri a shingen jimina.

Tambaya: Na saba yi wa kaji allura a ƙirji. A jimina na taɓa ƙirjin na ji ƙashi zalla. Zan iya yi a cinya?

Hajiya, kin yi daidai da kika tsaya kika tambaya. Naman ƙirjin kaza na tashi sama ne, jimina kuwa ba ta tashi, ƙarfinta duk ya koma cinya. Ƙirjin fata ce da ƙashi, a bayan ƙashin kuma zuciya.

Cinya tana da nata abin lura. A jikin tsuntsu, jinin da ya dawo daga ƙafa yana da hanya biyu: ko ya wuce kai tsaye zuwa zuciya, ko ya ratsa ta cikin ƙoda tukuna. Akwai wani ɗan ƙyaure a jijiyar da ke zaɓar hanyar, kuma ba ke kike da makullinsa ba. Ke nan maganin da aka soka a ƙafa yana iya isa ƙoda da ƙarfinsa kafin ya gauraya da sauran jini. Ga yawancin magunguna wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma masu wahalar da ƙoda, irin su jentamaisin, ni ba na son a bi da su ta ƙafa, balle ga tsuntsun da zawo ya riga ya tsotse masa ruwan jiki. Ga kuma lissafin kasuwa: cinyar ita ce naman da za ki sayar, fatar ma kuɗi ce, kuma allura mai zafi tana barin tabo a duka biyun. Akwai tsokar da ke gefen ƙashin baya wadda likitoci kan yi amfani da ita. Ki sa likita ya nuna miki wurin da hannunsa sau ɗaya a jikin tsuntsunki, kuma kowace allura a ja sirinji baya kaɗan kafin a tura. In jini ya shigo, an faɗa jijiya, a sake wuri.

Tambaya: Na sa kunne a ƙirjin jimina na ji zuciyarta na bugawa a hankali, ba kamar ta kaza ba. Rauni ne?

A'a. Duk yadda jiki ya kai girma, haka bugun ke raguwa. Zuciyar kaza tana haura 250 a minti, ta babbar jiminar da ke kwance hankalinta kwance tana wajen 60 ko ƙasa da haka. 'Yan tsakinta sun fi sauri. Zafin jikinta ma wajen digiri 39 ne, na kaza kuwa 41 zuwa 42, kada ka auna ta da ma'aunin kaza ka ce sanyi ya kama ta.

Tambaya: Mun sha fama kafin mu kama wata mace da tsakar rana don a sa ta a mota. Da aka sauke ta ta ƙi tashi, tana ta haki, kwana biyu ta mutu. Ba ta karye ba.

Wannan korar ce ta kashe ta, Malam, kuma na faɗa ne ba don in ƙara maka baƙin ciki ba. Jimina ba ta gumi. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta ɗaga fukafukai iska ta taɓa fatar cinya da haƙarƙari inda ba gashi, jijiyoyin wurin su buɗe jini ya zo ya huce. To ka haɗa mata gudu da tsoro da rana: tsoka na neman jini, fata na neman jini, zuciya ɗaya ce. Tsokar cinya sai ta yi zafi ta fara lalacewa. Abin da ya fito daga cikinta ya bi jini, wani ya toshe ƙoda, wani, wato sinadarin fotashiyam, ya rikita bugun zuciya. Wata takan faɗi nan take, wata sai bayan kwanaki kamar taka. In an farke cinyar akan ga wurare sun yi fari-fari kamar naman da aka fara dafawa. Tsuntsun da abincinsa ke da ƙarancin bitamin E da seleniyam ya fi saurin kamuwa.

In ta riga ta kwanta magani ba ya cika cin nasara, sai dai inuwa, ruwa mai sanyi a cinya da ƙarƙashin fiffike, da ƙarin ruwa ta jijiya in likita na kusa. Kamu kuwa da sanyin safiya ake yi ko da yamma lis. A taro su a hankali cikin lungun shinge mai bango, a kamo wuyan a sunkuyar da kan, a zura mata abin rufe ido, ko da safa ce da aka yanke bakinta don ta samu numfashi. Da ido ya rufu za ka ji jikinta ya saki. In aka yi minti kaɗan ba a kama ta ba, a ƙyale ta sai gobe. Dabarar rufe idon ta jimina ce, emu ba ta cika lamunta ba, ita ta baya ake rungumarta.

Tambaya: Akwai bishiyar fiya a gefen shingena, ganyen na zuba ciki suna tsinta. Kuma in abincinsu ya yanke nakan ba su na kajin nama. Akwai laifi?

Duka biyun akwai. Fiya, wato afokado, tana da wani sinadari mai suna fasin a ganye da 'ya'yanta wanda ke lalata tsokar zuciyar tsuntsaye. A Afirka ta Kudu, inda aka fi ko'ina kiwon jimina, an tabbatar da mutuwar jiminu ta wannan hanya. Zuciyar takan kasa tura jini, ruwa ya taru a jakarta da ƙarƙashin fatar wuya. Jimina kuwa ba ta da zaɓe, abin da ta gani a ƙasa ta haɗiye. Ko ka matsar da shingen ko ka sare reshen da ya leƙo.

Abincin kajin nama sau da yawa akwai maganin kashin jini a ciki, irin su monensin. Awon da kaza ke ɗauka lafiya yana iya taɓa tsokar ƙafa da ta zuciyar jimina, ka ga tsuntsu ya kwanta ya kasa tashi. Karanta takardar da ke jikin buhun kafin ka zuba, in babu takarda kada ka zuba. Ranar da abinci ya yanke, yankakken ɗanyen ganye mai tsabta da ruwa sun ishe su kwana ɗaya.