Me ya sa sojan da aka koya wa harshe yake saurin ajiye kaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Faransanci ne a wata makarantar sakandare. Na ji ana cewa rundunar sojin Amurka tana kashe maƙudan kuɗi wajen koya wa sojojinta Larabci da Sinanci da sauransu, amma da zarar sun ƙware sai su bar aikin. Albashin ne bai kai ba, ko kuwa akwai wani abu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗi na ciki, amma ba su ne kan gaba ba. Bari mu fara da inda ake yin karatun, domin daga can lissafin yake fara karkacewa.

Makarantar harsuna ta ma'aikatar tsaron Amurka tana garin Monterey ne a jihar Kalifoniya. Asalinta wani aji ne na sirri da aka buɗe a San Faransisko a Nuwamban 1941 don koyar da Japananci, makonni kaɗan kafin Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. A 1946 aka dawo da ita Monterey. Yau Faransancinka mako 36 ake ba shi, Rashanci da Farisanci mako 48, Larabci da Sinanci da harshen Koriya kuma mako 64. Ɗalibi yana zaman aji kusan awa shida a rana, kwana biyar a mako, a gaban malamai waɗanda galibinsu harshen uwarsu ne suke koyarwa. Da dare kuma ya sa abin saurare a kunne, yana ta maimaita labaran rediyo na minti ɗaya har sai ya ciro wa ya faɗa, ina aka yi, mutum nawa suka mutu. Ga atisaye da asuba bai fasa ba.

To yi lissafi. Kurtu ya sa hannu a kan shekara biyar ko shida. Horon farko ya ci wata biyu da 'yan kai, Larabci ya ci shekara ɗaya da wata uku, sannan a tura shi sansanin Goodfellow a Texas ya koyi aikin sauraren saƙonnin abokan gaba, ga kuma jiran binciken da ake yi wa mutum kafin a yarda ya taɓa sirrin gwamnati. Kafin ya yi aikin yini guda, kusan shekara biyu sun wuce. Lokacin da kunnensa ya buɗe sosai, ya fara bambance Larabcin Bagadaza da na Alƙahira, shi ne lokacin da wa'adinsa yake ƙarewa. A bakin ƙofa kuma kamfanonin 'yan kwangila da hukumomin leƙen asiri suna jira, domin mai harshe da takardar izinin sirri a hannu ba a samunsa a banza. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Rundunar ta san da haka, shi ya sa take biyan alawus na harshe, wanda zai iya kai dala 1,000 a wata ga mai harshe fiye da ɗaya. Sai dai ba kyauta ba ce: akwai jarrabawar saurare da karatu da ake sake zaunawa lokaci zuwa lokaci, in maki ya faɗi alawus ya bi shi. Nan ne abin takaicin yake. Sau da yawa sai a gama koya wa mutum harshe a tura shi bataliyar da ba ta da abin yi da shi, ya wuni a garejin motoci yana duba mai da taya. Kai malamin harshe ne, ka san abin da dogon hutu ɗaya yake yi wa Faransancin yaranka. Balle shekara biyu. Wanda ya ga abin da ya sha wuya a kansa yana zubewa, ba ya jiran a roƙe shi ya tafi.

Na hafsoshi ya fi wannan ciwo, kuma a ganina nan ne gaskiyar maganar take. A 2009 Admiral Mike Mullen, babban hafsan hafsoshin Amurka na lokacin, ya ƙaddamar da shirin da aka sani da AFPAK Hands. Za a zaɓi hafsoshi a koya musu Dari ko Fashto ko Urdu, su yi ta komawa Afganistan da Pakistan har su san mutane da al'adunsu: yadda ake zama a majalisar dattawa, dalilin da ba a fara maganar aiki kafin an sha shayi, wanda ake gaisarwa da farko. Tunanin ba shi da laifi. Amma shirin yana cinye kusan shekara huɗu na rayuwar manjo ko laftanar kanar, su ne kuwa shekarun da takwarorinsa suke riƙe muƙaman da kwamitin ƙarin girma yake dubawa. Mutum ya dawo da harshe a baki da abokai a Kandahar, ya tarar an tsallake shi. Labari ya bazu a bariki, masu hazaƙa suka riƙa zillewa. An rufe shirin a 2020.

Inda sojojin Amurka suka fi dacewa shi ne da hafsoshin da suke ƙwarewa a kan yanki guda na duniya, waɗanda kake gani a ofisoshin jakadanci. Tun ƙarshen shekarun 1990 sojan ƙasa ya ware musu layinsu na ƙarin girma, saboda haka mai nazarin Afirka da mai nazarin Afirka ake gwada shi, ba da kwamandan tankokin yaƙi ba. Galibi kanar ne iyakarsu, amma suna zama.

Sun kuma gwada gajeriyar hanya. Daga 2009 wani shiri mai suna MAVNI ya riƙa ɗaukar baƙi mazauna Amurka waɗanda suka tashi da harsunan da ake nema, a saka musu da takardar zama ɗan ƙasa cikin hanzari. Hausa tana cikin jerin, tare da Yarbanci da Ibo. A 2016 aka dakatar da ɗaukar sababbi saboda damuwa kan binciken tsaro, waɗanda suka riga suka sa hannu da yawa suka daɗe suna jira ba su san matsayinsu ba.