Tambaya da amsa: Da gaske ciyawa tana tace ruwan kwata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ina kula da wata makarantar kwana ta hadda a bayan garin Gombe. Ruwan alwala da na wanka da wanki duk kwata yake bi ya kwanta a lungu, ga wari ga sauro, maƙwabta har sun fara ƙorafi. Wani ɗalibin jami'a ya ce min ana bincike kan tace irin wannan ruwa da tsirrai. Gaskiya ne? In haka ne za mu iya sha, ko mu yi lambu da shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Ɗalibin nan gaskiya ya faɗa maka, kuma abin ba sabo ba ne. Tun wajen 1950 da 'yan kai wata masaniya a Jamus, Käthe Seidel, ta fara gwada shi da ciyayin fadama, a Kolkata ta Indiya kuwa akwai fadamu kimanin hekta 12,500 da suke karɓar ƙazamin ruwan birnin har ana kiwon kifi a ciki. Amma batun sha, a'a Malam, kar a sha, kar a dafa abinci da shi komai haskensa a ido.

Mutane suna ɗauka ciyawar ce take shanye dattin. Kaɗan take sha. Masu aikin na gaske wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna manne a jikin saiwa da tsakuwa suna cinye sabulu da dauɗa, ita ciyawar masauki take ba su da 'yar iska ta saiwarta. Shi ya sa gaggawa take ɓata aikin, dole ruwan ya ɗan kwana a ciki.

Ga yadda ake yi. A haƙa rami mai zurfin kamar santimita 60, a shimfiɗa leda mai kauri ko a dalaye shi da siminti, musamman ku da ƙasarku rairayi ce, in ba a toshe ba ruwan zai zurare ya nufi rijiyar maƙwabci. A cika da tsakuwa wankakkiya, a dasa ciyawa a kai, ruwa ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan. Girman kuma da lissafi ne, ka fara auna ruwan da kuke zubarwa kullum ko da da jarka ne. A ce lita 2,000 ne kuma kana so ya yi kwana 3 a ciki, to tsakuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na ramin ne kawai take bar wa ruwa, ka ga kana buƙatar tsawon mita 10 da faɗin mita 3 kenan. Kafin ramin a gina 'yar kwatarniya mai murfi inda ƙasa da tsakin tuwo za su kwanta maiƙo ya taso sama a riƙa kwashewa, wallahi mafi yawan waɗanda suke lalacewa rashin wannan ne, tsakuwar ta toshe ruwa ya dawo sama. Kuma saman ruwan ya tsaya ƙasa da saman tsakuwa da kamar faɗin tafin hannu, in ka taka ka ji a bushe, sauro bai da wurin ƙwai.

Wace ciyawa? Ni jema na fi so muku, irin wadda ake zana da ita. Saiwarta tana nutsawa sosai, tana jure rani, kuma in ta yi yawa ku raba ku dasa a bakin kwari tunda zaizayar ƙasa ta addabi Gombe. Kacalla ma tana aiki ƙwarai amma a yi hattara, duk wanda ya san yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ba zai yi wasa da ita ba, sai ana yanke ta kafin ta yi fure. Kainuwa kam a bar ta, buɗaɗɗen ruwa take so, sauron da kake gudu shi za ka tara.

Ruwan masai kar ya shiga nan, ya tafi sokawe ɗinsa. Na alwala kuwa shi ya fi tsafta, in da hali a ware masa bututu ya tafi gindin bishiya kai tsaye. Wanda ya fito daga ramin a ba ayaba, gwanda, mangwaro, zogale, a gindi ba a kan ganye ba. Latas da karas da duk abin da ake ci ɗanye a raba su da shi, don ƙwayoyin cuta raguwa suke yi ba ƙarewa ba. Omo kuma yana da gishiri, ciyawa ba ta cire shi, a rage zuba shi barkatai.

Abin da yake damuna a matsayina na mai wannan fanni shi ne bincikenmu a jami'o'i yawanci a bokiti yake ƙarewa, ɗalibi ya yi gwajin 'yan makonni ya samu makinsa a ajiye kundin a kanta, alhali tambayar da ta dame ka ita ce ya ramin zai kasance a zafin Afrilu in ruwa yana ƙafewa, da kuma Agusta in sama ta sako. Wannan sai an bi shi shekara guda cur. Don haka dan Allah ka rubuta wa sashen kimiyyar halittu ko na sinadarai a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, ka ce kana da wuri kana da ruwa, a turo ɗalibi ya riƙa ɗibar samfur a mashiga da mafita duk wata. Kafin sakamakon farko ya fito, bishiyoyi kawai za a ba ruwan, kuma a kewaye wurin saboda yara.