Tambayoyinku: Shirin Zuwa Taro a Ƙasar Waje

Wasiƙun wannan fitowar sun fito ne daga waɗanda aka gayyata taro ko baje koli a wata ƙasa. Mun taƙaita tambayoyin don mu samu wurin amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An aiko mini takardar gayyatar taron ƙara wa juna sani a Jamus, saura wata huɗu. Abokan aiki sun ce in sayi tikiti tun yanzu kafin ya yi tsada. Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar tikiti tukuna, ɗauko fasfonka ka duba ranar ƙarewarsa. Jamus tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma ƙa'idarsu ita ce fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar yankin, an kuma bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Ƙasashe da yawa ma wata shida suke nema. Ka yi lissafin daga ranar dawowa, ba ranar tafiya ba.

Sai biza. Ana karɓar takardu tun tafiya tana saura wata shida, kuma a ƙa'ida hukunci yana fitowa cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa kwana 45. Inda mutane suke ruɗuwa shi ne, kwanakin nan ba sa fara ƙirguwa sai ranar da ka miƙa takardu. Jiran ranar ganawa a ofishin biza, wato ranar miƙa takardun, daban yake, kuma idan babban taro ya matso kowa nema yake, sai ka ga babu gurbi sai bayan makonni. Don haka ka nemi ranar ganawar cikin makon nan, ka haɗa takardun kana jira.

Za a so ganin takardar gayyata mai sunanka yadda yake a fasfo, da shaidar masauki, da bayanin asusun banki na watannin baya, da wasiƙar wurin aikinka, da inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000, wadda ta rufe duk yankin da duk kwanakin da za ka yi. Shimfiɗa su a tebur ka bi ranakun da yatsa. Idan gayyata ta ce taro daga 10 zuwa 13 ga wata, otal ya nuna 12 zuwa 20, inshora kuma ta ƙare ranar 15, ka ba mai dubawa dalilin shakka da hannunka. Haka kuma ranto kuɗi mai yawa a zuba a asusu ana jibi ganawa. Ba ya ɓoyuwa, ya fi asusu mai ɗan kuɗi jawo tambaya.

Tikiti kuwa, ka yi ajiyar kujera, ko ka sayi irin wanda ake mayar da kuɗinsa. Kuma ka sani biza ba ta hana jami'in shige da fice tambayarka ina za ka, wa ya gayyace ka. Ka buga gayyatar da adireshin otal a takarda ka sa a jakar hannu, domin waya ta saba mutuwa daidai lokacin da ake bukatarta.

Tambaya: Na samu tikiti mai sauƙin kuɗi, amma kamfanonin jirgi biyu ne, kowanne da tikitinsa, kuma zan yada zango na awa biyu. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Malama. Araha ba ta ado. Idan tikiti ɗaya ne, jakarki takan wuce har inda za ki, kuma in jirgin farko ya makara kamfani ne zai nema miki wani. Idan tikiti biyu ne daban, sau da yawa sai kin fita ta wurin jami'an shige da fice, kin ɗauki jaka, kin sake awonta. Wato kin shiga ƙasar ke nan, kuma in ba ki da bizarta, tun a filin jirgin farko za a hana ki hawa. Awa biyu ba za ta isa wannan zirga-zirgar ba, in kuma kin rasa jirgi na biyu asararki ce. Amurka ma ko da tikiti ɗaya ne, duk mai yada zango sai ya bi ta shige da fice, sai da izinin shiga. Ingila da ƙasashen Shengen su ma suna neman bizar wucewa daga 'yan wasu ƙasashe ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. Ki tambayi kamfanin jirgin game da fasfon ƙasarki kafin ki biya.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini kullum, wani lokaci da na ciwon baya. Zan iya juye su a ƙaramin gwangwani ɗaya don rage kaya?

Amsa: Kada ka juye, Alhaji. Ƙwaya marar kwali ba ta da shaida, jami'in kwastan ba zai gane ta da ido ba. Bar kowane magani a kwalinsa, ka karɓi takardar likita mai sunan asalin maganin da yadda ake shansa, ka ƙara na kwana uku ko huɗu ko da tafiya za ta ja, duka a jakar hannu. Na ciwon bayan ne muka fi ji. In da tiramadol ko kodin a ciki, ƙasashe irin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar suna tsananta doka a kansu, har ɗauri ana yi. Tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar da za ka, ko likita ya canza maka wani.

Tambaya: Katina na rigakafin zazzaɓin shawara ya shekara 12. Sai na sake allura?

Amsa: A'a. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada. Wanda bai taɓa yi ba shi ne zai kula: katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar.

Tambaya: An taɓa ƙwace wa wani ɗan'uwana fawa bank a filin jirgi. Mene ne ƙa'idar? Kuma cajata za ta yi aiki a Kanada?

Amsa: Fawa bank ba ya shiga jakar da ake awo, domin batirinsa yana iya kamawa da wuta, kuma an fi son hakan ya faru inda ma'aikatan jirgi za su gani su kashe. A jakar hannu ake riƙe shi. Wanda bai wuce 100Wh ba yana wucewa (Wh da mAh ma'aunan girman batiri ne da ake rubutawa a jikinsa), kuma mai 20,000mAh kusan 74Wh ne. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani. Wanda rubutun jikinsa ya goge kuwa ana iya karɓewa, tunda babu yadda za a tabbatar da girmansa.

Caja kuma, juya ta ka karanta ƙananan rubutun. In ka ga 100–240V, adafta kawai kake bukata, domin soket ɗin Kanada da Amurka na ƙarafa masu faɗi ne, wutarsu kuma bolt 120. Sayi adaftar kafin ka tashi.

Tambaya: Kuɗi nawa aka yarda in riƙe a hannu?

Amsa: Ba a hana riƙewa ba, ɓoyewa aka hana. Mai shiga Tarayyar Turai da Yuro 10,000 ko fiye, ko Amurka da abin da ya haura Dala 10,000, dole ya bayyana, in ba haka ba ana iya ƙwacewa. In kana biya da kati, na'ura ta tambaye ka kuɗin ƙasarku ko na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake. Canjin na'urar ya fi na banki tsada.

Tambaya: In na sauka ban ga jakata ba fa?

Amsa: Kada ki fita daga zauren ɗaukar kaya. Nemi teburin kamfanin jirgin, ki nuna ƙaramar takardar nan mai lamba da aka manna miki lokacin awo, su cike takardar ɓatan kaya su ba ki lambar bibiya. Ki adana rasit ɗin duk abin da kika saya na dole. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda ta shafi sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, ta ba ki kwana bakwai ki kai ƙorafi a rubuce in jakar ta lalace, kwana 21 kuma daga ranar da ta iso in makara ta yi. Kayan da za ki sa ranar buɗe taro da takardun jawabinki dai, su kwana a jakar hannu.